Tarwaɗar Don Evaristo a Jikin Bango

"Lafiya lau, tsoho mai ran ƙarfe. Ashe ka kwana? Na ɗauka bikin gobe zai koma zaman makoki."

"Ni zan sha gahawar naki makokin, ja'ira. Mene ne kika rungumo haka kamar kin sato keken ɗinki?"

Nilsa ta dire akwatin a kan tebur. Majigi ne, ta aro shi daga makarantar da take koyarwa. Gobe Lahadi kakanta Don Evaristo zai cika shekara tamanin, kuma rabin garin zai hallara a gidansa na bakin kogin Magdalena. Tun shekarar 1974 yake ba da labarin tarwaɗar da ya kama, wadda ya ce ta kai tsawon kwalekwale. Tun shekarar kuma amininsa Anacleto yake cewa ƙarya ce. Shaidar tsohon guda ɗaya ce: wani ɗan hoton majigi da bai fi akwatin ashana ba, wanda wani baƙo ya ɗauka ya aiko masa. Shekara hamsin yana ɗaga shi ga rana yana kanne ido, bai taɓa ganinsa a bango ba. Ya yi alkawari gobe kowa zai gani, Anacleto a sahun gaba.

Nilsa ta toshe tagogin ɗakin biyu da bargo, ta ƙirga taku huɗu daga bango, ta saka hoton, ta kunna.

"Kai! Kin kifa ni!" in ji tsohon. "Ƙafafuna a sama! Haka kuke koya wa 'ya'yan mutane?"

"Bari ka ɗan jima a haka, Kaka, ko hankali ya gangaro kan."

Ta zare hoton ta juya shi. Sai ga wani saurayi mai gashin baki tsaye a bakin ruwa, ya ɗaga kifi ya banƙare ƙirji.

"Wai! Wane ne wannan kyakkyawan? Yana da aure?"

"Ni ne, makauniya."

"To ina ka kai gashin kan?"

"Na raba wa jikoki. Ke ce kika zo a makare, kika samu na jaki."

Nilsa ta matsa kusa, ta auna kifin da tafin hannu. Daga kafaɗar saurayin yake zuwa gwiwa.

"Kaka, wannan ce ta kai kwalekwale? Sai dai kwalekwalen takarda."

"Motsewa ta yi. Shekara hamsin a gwangwanin biskit, ke ma da kin motse. Ja injin baya, kin matse ta da bango."

Ta ja teburin taku biyu. Hoton ya buɗe, kifin ya ƙaru.

"Kin gani! Tana dawowa hayyacinta. Ƙara."

"Ai kai ma ƙaruwa kake yi. Dubi kanka, ya kusa taɓa rufi."

"Dama haka nake a lokacin. Sunkuyawa nake yi in shiga coci."

"Anacleto da ƙafarka zai auna kifin, ba da bango ba."

"Anacleto? Wanda ya gaida akuya da sunan limamin coci?"

"Ya sayi sabon tabarau jiya. Saboda kai."

Tsohon ya gyara zama a kujerarsa mai lilo, ya yi tsaki. "Ja shi har ƙofa."

Ta ja, taku tara ke nan cif. Hoton ya yi dishi-dishi, sai ta murɗa bakin majigin a hankali har ya fito tar. A gefen dama akwai wani duhu da suka ɗauka inuwar bishiya ce. Ashe mace ce zaune a kwalekwale, ta wage baki tana dariya. Igiyar ƙugiya ta fito daga bakin kifin ta miƙe har hannunta. Nilsa ta gane fuskar nan take. Kakarta ce Eduviges, wadda ta rasu shekara tara da suka wuce.

"Tsoho. Igiyar nan hannun wa ta nufa?"

"Riƙe mini ta yi."

"Naɗi biyar a hannu? Ga shi ina ƙirgawa."

"Ni na nuna mata wurin."

"Ita ta kama."

"Wa ya tuƙa kwalekwalen? Da ƙafa kifin zai taho gida?"

"Shekara hamsin, Kaka! Har buɗe hannu kake yi kana ture mana kwanon rogo!"

"Ita ba ta taɓa ƙaryata ni ba."

"Dariya ta hana ta. Ga ta nan, har yanzu ba ta gama ba."

Tsohon ya tsayar da lilon kujerar, yana kallon bangon. Hoton matarsa ɗaya ne a gidan, na ranar aure, ta ɗaure fuska kamar an kai ta kotu. Nilsa ta lura da idonsa, sai ta sassauta murya, amma ba ta saki wasan ba.

"To, ga shawara. Zan manna 'yar takarda a gefen hoton, a rufe ta, Anacleto ya koma gida da kunya. Ladana malafar nan taka ta zuwa coci."

"Ki rufe wa? Taɓa ta ki gani, in aurar da ke ga Anacleto gobe-goben nan."

"Zai yi maka dariya har Kirsimeti."

"Ya yi ta yi. Gobe da magariba a babban bangon tsakar gida za ki haska, ki ja injin har bakin kogi. Ina so ta kai rufi." Ya share hanci da bayan hannu. "Shi ma ai ya nemi aurenta, ta ba shi gahawa ta sallame shi. Ita ta kama kifin, na yarda. Amma ni na kama ta."

Nilsa ta dubi bangon, ta dube shi.

"Dubi hoton da kyau, tsoho. Ku biyu ne tsaye a ƙarshen igiyar, kai da tarwaɗa. Kuma ita ta fi ka nama."

Don Evaristo ya ƙyalƙyale da dariya har tari ya sarƙe shi. Ya cire malafar ya kifa mata a ka, ta rufe mata ido.

"Ɗauki, ɓarauniya. Ko a malafa ba ki kai ni ba."