Yadda Za Ki Mayar da Kilo Ashirin Olonka Ba Tare da Kin Tambayi Surukarki Ba

Ke mai satifiket ɗin makarantar girki, matso nan. Surukarki Maame Adwubi ta ce ke za ki gasa burodin makokin dattijo Opanyin Kwarteng ranar Asabar. In ya yi kyau, tanderun da ta shekara talatin tana ci da shi a Bantama ya zama naki. In ya lalace, na 'yarta Afrakoma ne. Takardar girkinki ta ce fulawa kilo ashirin, sikelinki kuma ya mutu tun Laraba. Kwantar da hankalinki. Bi matakan nan, na rantse kaf Kumasi ba za a manta da burodinki ba.

Mataki na 1: Kada ki yi tambaya

Ke da kika sa farar hula aka ɗauke ki hoto, ki tambayi tsohuwar da ba ta san giram ba? Haba! Ki laɓe a bayan ƙofa kawai. Za ki ji tana gaya wa Afrakoma cewa kilo ashirin cikin olonkarta, wato gwangwanin awonta, sha biyu ne. Shi ke nan, kin samu ilimi ba ki zubar da girma ba.

Mataki na 2: Gyara olonkar

Ɗauko gwangwanin awon nata ki duba. Zai ba ki kunya: gefe ya lotsa, gindi ya shige ciki, wai tun ranar da ta jefi marigayi mijinta da shi. Nemo muciya ki buga ta ciki har ya miƙe sumul. Yanzu zai ci fulawa fiye da dā, amma wannan ba damuwar mai ilimi ba ce. Tsafta ce gaba.

Mataki na 3: Zaɓi hannun awo

Olonka ɗaya nauyinta uku ne. Mai sayarwa yaryaɗa fulawa take yi kamar tana tsoron ta farka. Mai saye tana tulawa har da tozo. Mai jin haushi kuwa dannawa take da tafin hannu. Ki tuna yadda Afrakoma ke kiranki "Madam Giram" a gaban baƙi, sannan ki auna. Sau sha biyu.

Mataki na 4: Sauran kaya, bi takarda

Ruwa, yis, sukari, duk na kilo ashirin cif, ko ɗigo kada ki ƙara. In kin kai kwaɓin wurin injin murzawa, Bra Ntim mai injin zai taɓa ya ce, "Sista, burodi ne ko bulo za a buga? Ƙara ruwa mana!" Ki ce masa, "Wace makaranta ka yi?" Ko injin ya fara kuka, kada ki kula, hassada ce.

Mataki na 5: Tsaya da ƙafarki a gidan makoki

Ɗaura baƙin zanenki ki raba burodi da fara'a. Za ki ga dattawa suna jiƙa shi a shayi suna jira. Ƙanin mamacin zai ciji nasa, ya zaro haƙori ya kalla, ya ce, "Jama'a, gawa ɗaya ba ta ishe ku ba?" Ki ce irin na Turai ne.

Maame ba za ta yi faɗa ba, abin da ya fi ciwo ke nan. Za ta juya olonkarta a hannu, ta shafa inda lotsawar take dā, ta ce, "'Yata, da kin tambaye ni." Sai ta miƙa wa Afrakoma, ita kuma ta aje ta a ƙasa ta taka da dunduniya a gaban kowa, har ta sake lotsawa.

Gargaɗi

Haƙorin da ya fita, injin da ya ƙone, tanderun da ya tafi, babu ruwan mai wannan rubutu. Mai ƙorafi ta same ni a kasuwar Kejetia, layin masu lemo, kusa da mai gyaran takalmi. Shekara shida ke nan ina wurin. Lemo ɗai-ɗai ake sayar da shi, ba a aunawa. In kin ga layi ya yi tsawo a tsallaken titi, ba nawa ba ne, burodin Afrakoma ake jira.