Mushe da Intanet Mai Gudu

A duk benen nan babu mai ilimi kamar shugaban 'yan haya. Shi ya faɗa da bakinsa, kuma mutum ne da ba ya ƙarya sai in akwai masu sauraro. Tsohon magatakarda ne, ya yi ritaya da tumbi da tabarau biyu, ɗaya na karatu, ɗaya na kallon mutane.

Ɗansa ya auro yarinya daga ƙasar da ake jin Faransanci. Da ta haihu, sai labari ya zo mahaifinta zai zo ganin jika. Shugaba ya rantse suruki ba zai same shi bebe ba. Ya sa manhajar koyon Faransanci a waya, ya leƙa darasin farko, ya ga gaisuwa ce, ya taɓe baki.

"Gaisuwa ta yara ce," ya ce wa matarsa. "Mutum irina daga sama yake farawa."

Ya tsallake komai, ya danna darasin ƙarshe: yadda ake magana kan saurin intanet na gida. Darasin nan kaɗai ya samu ya sauka a wayar, don akwatin intanet ɗinsa da ke zaune a kan firji yana ƙyafta ido, daga nan ya gaji.

Bawan Allah ya dage. Yana goge haƙori yana bita, yana aski yana bita. Ya kuma sanar a daina ce masa Shugaba, a ce Mushe, wai haka Faransawa ke kiran manya. Maƙwabta ba su taɓa bin umarninsa da sauri irin na ranar ba.

Duk wanda ya ci karo da shi a matakala ya sha lacca. "Intanet ba ruwan famfo ba ne, malam. Akwai montan, akwai desandan, wato mai hawa da mai sauka. Naku rarrafe yake. Nawa, kafin ka danna ya je ya dawo."

Ranar da suruki ya iso, dogon mutum mai sanyin hali, ya riƙe hannun Mushe ya tambayi lafiyarsa. Mushe ya gyara tsayuwa.

"Ma koneksiyon e tire rafid."

Matar ɗan ta sunkuya ta raɗa wa mijinta: "Baba ya ce intanet ɗinsa yana gudu sosai." Mijin ya kafa wa silin ido.

Baƙo ya ɗauki jariri, ya ce ai kakansa Mushe ya ɗebo sak. Mushe ya gyaɗa kai da natsuwa, ya amsa da cewa intanet ɗinsa ba ya yankewa ko ana ruwan sama.

Baƙo ya ji daɗin wannan labari ƙwarai. Ya nemi lambar sirrin intanet ɗin don ya kira matarsa, wadda tun safe take zaune tana jira, ta ga jikanta. Aka kira. Fuskar tsohuwa ta fito, baki buɗe, ido ɗaya a rufe, ta daskare a haka.

Mushe ya kashe akwati ya kunna. Ya hura masa iska. Ya umarci kowa ya kashe wayarsa, har da wadda ba ta shiga intanet. Daga ƙarshe ya hau kujera a tagar kicin yana ɗaga wayar baƙo, ɗansa na ɗaga jariri a ƙasa. Tsohuwa dai ba ta buɗe idon ba.

Baƙo ya nisa, ya faɗi wata 'yar gajeriyar jumla. Sai fuskar Mushe ta washe. Ya ji ta kaf, tana cikin darasinsa. Ya diro daga kujera yana haki.

"Uwar yara, kin gani? Wallahi kalma ɗaya ba ta wuce ni ba."

"To madalla. Me ya ce?"

Mushe ya yi gyaran murya mai tsawo.

"Mama," in ji matar ɗan cikin ladabi, "cewa ya yi tun da yake bai taɓa ganin intanet mai nawa irin wannan ba."

"Da ma a hankali nake so in fassara miki," in ji Mushe.