Ɗakin da Na Zaci Kurma Ne

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Talata ba, ko da tsufa zai kai ni in riƙa neman carbina yana rataye a wuyana. Ni da aka sani a duk unguwar Zango da sa ido, wadda yarinya ba ta isa ta wuce ƙofar gidanmu da ɗankwali a karkace ba, ni ce na shiga trotro, motar hayar nan tamu, na je har jami'a na tona wa kaina asiri da bakina.

Jikata Samira ce sanadi. Ni na raine ta tun tana 'yar shekara huɗu, bayan rasuwar uwarta. Ban taɓa zama a aji ba, amma na tsaya tsayin daka sai da ta yi karatu, ina raya wa kaina ko nas za ta zama ko malamar makaranta. Sai ga yarinya ta shiga jami'a ta dawo ta ce wai kiɗa take karantawa. Na ce kiɗa? Ta ce, "Kaka, ba rawa ba ce fa. Ilimin na'urar ɗaukar murya ne, da yadda ake haɗa waƙa ta fito tsaf." Na ce duk dai kiɗa ne. Shekara huɗu muna wannan ja-in-ja, tana yawo a tsakar gida da wani abu rufe da kunnuwanta kamar mai ciwon haƙori, ni kuma ina kan tabarmata ina harararta.

A shekarar ƙarshe aka ce kowane ɗalibi ya kawo bincikensa, sannan ya ɗauki waƙa da hannunsa a sitidiyon makaranta, malami na zaune yana ba shi maki. Ita sai ta zaɓi waƙoƙin da matan Zango ke yi a da a rumfar goro, lokacin da ake zama a ware mai sankara, a jera mai kyau cikin ganye a ɗaure huhu. Masu waƙar duk sun riga mu gidan gaskiya. Mu biyu muka rage, ni da ƙawata Mma Adiza da muke katanga ɗaya. Ni a gida abin da aka sani shi ne ban taɓa waƙa ba, na dai ji ana yi. (Haka na gaya wa 'ya'yana, haka na gaya wa jikoki, kuma ba wanda ya isa ya sake tambaya.)

Samira ta durƙusa ta roƙe ni. Ta ce awa biyu kacal aka ba ta a sitidiyo, ɗalibai sun yi layi, ba za a ƙara ba ta wata rana ba. In ba ta fito da waƙa ba, ba za ta gama a bana ba. Na ce to, zan je. Ta yi ta murna har da rungume ni. Ba ta san abin da na ƙulla a cikina ba: in je in lalata abin a hankali, yadda ba wanda zai gane, ta faɗi, ta gaji, ta koma karatun nas. A lokacin na ɗauka taimakonta nake yi.

A cikin trotro ta yi ta yi mana bayani, har da wata magana a kan jar fitila da ke saman ƙofa. Ban ji ko rabi ba. Hankalina yana kan wata yarinya a kujerar gaba da siket ɗinta bai kai gwiwa ba.

Da muka isa, malaminta ya tarbe mu. Dokta suke ce masa. Mutumin Asante ne, dogo, gashin kansa a murɗe igiya-igiya har kafaɗa. Ya gaishe mu da Twi, yarensu, cikin ladabi, na amsa a daƙile. Samira ta karanta mana wata takarda, wai mun yarda a ɗauki muryarmu a ajiye a ma'ajiyar jami'a don masu bincike, kuma duk lokacin da muka ga dama muna iya cewa a goge. Adiza ta dangwala yatsa, ni ma na dangwala.

Aka shigar da mu wani ɗaki mai ƙofa biyu, kowace kaurinta ya kai katifa. Bangon an manna masa soso mai tudu-tudu kamar kwalin ƙwai. Da aka rufe, shirun da na ji ban taɓa jin irinsa ba, har kukan cikina nake ji. Aka sa muka cire warwaro, aka ajiye mana kwandon goro da ganye a gaba don a ji motsin aikin, aka kafa wa kowaccenmu makirfo mai kan soso. Ga wata babbar taga ta gilashi, ta can Samira na zaune gaban kwamfuta da wani tebur mai maɓallai kamar ba za su ƙirgu ba, Dokta a gefenta da littafi da biro.

Nan fa wayona ya fara aiki. Na lura in suna magana ta bayan gilashi, baki kawai nake gani yana motsi, ba na jin komai, sai in Samira ta danna wani maɓalli muryarta ta fito ta lasifikar bango. Ni kuwa shekara sittin da wani abu ina gidan haya a Zango, na san dokar bango: in kana jin maƙwabci yana jin ka, in ba ka jin sa shi ma ba ya jin ka. Sai na yanke wa kaina hukunci cewa na'urar tana buɗe kunne ne in Samira ta ɗaga hannu ta ce "Mu je", ta toshe in ta ce "Ya isa". Ban tambayi kowa ba. Ni da tambaya?

Aka fara. Ni ke bayarwa, Adiza na amshi. Ɗaukar farko na yi tari a tsakiya. Ta biyu na ce na manta baiti. Ta uku na sa ƙarshe a farko. Ta huɗu na ture kwando da ƙafa, goro ya watse. Kowane lokaci Samira sai ta danna maɓalli ta ce, "Ba komai, Kaka, mu sake," muryarta na ƙara siririncewa. Ina ganin ta tana share gumi duk da sanyin ɗakin, tana ɗaga kai tana duba agogon bango. Dokta kuwa rubutu kawai yake yi. Duk sanda biron nan ya motsa sai in ga kafaɗar yarinyar ta ƙara sauka. Tausayinta ya ɗan taso min, na danne shi.

Saura minti ashirin da biyar ta ce, "Ya isa. Ku huta kaɗan, ku sha ruwa." Suka juya suna kallon kwamfuta.

Adiza ta matso. "Hajiya, me ke damunki yau? Ke ce za ki manta baitin goro?"

Na kalli gilashi, na ga ƙeyarsu. Na gyara zama.

"Ba abin da na manta. Da gangan nake yi."

"Innalillahi! Ki ji tsoron Allah, yarinyar nan kuka ya kusa ƙwace mata."

"Gara ta yi kukan yau. In ta faɗi ta dawo hanya ta yi nas. Ke dubi wanda wai shi ne malaminta. Ƙato da gashi kamar tsumman goge ɗaki! Wannan ne zai ba jikata ilimi? Ni ban zo waƙa ba, na zo in ga da wa take zama."

(Har yau in na tuna yadda na lanƙwasa baki wajen faɗin "tsumman goge ɗaki" dab da kan soson nan, sai in ji zufa ta karyo min.)

Adiza ta yi min wani kallo, ta taɓe baki. Shekara hamsin muna tare, ta san inda ake taɓa ni.

"Ni dai ban yarda ba. Muryar ce ta mutu, kike fakewa da wayo. Ai tsufa ba ya sallama. Ke da direbobin Arewa ke kashe mota a bakin rumfa don su saurare ki, har mijinki marigayi Alhaji ya bar lodinsa ya tsaya tambayar 'yar gidan wa ce, yanzu ga shi sai tari kamar akuya."

"Wa ce akuya?"

"Wadda ta yi tarin."

Ban san lokacin da na jawo kwandon ba. Na ce, "Riƙe min amshi, in nuna miki tsufa." Na rufe ido, hannuna ya shiga cikin goro da kansa, na ɗaga murya yadda ban ɗaga ba tun kafin a haifi uwar Samira.

"Goro ɗan kurmi, ka yi shirin tafiya,
ganye ne rigarka, huhu ne ɗakinka,
in ka isa Arewa ka gaida min mutanena."

Adiza na amsawa, "A gaida su, a gaida su." Na bi baitocin nan ɗaya bayan ɗaya, har wanda innata ke yi in ta tuna garinsu da ba ta sake gani ba. Ban yi tari ba, ban yi tuntuɓe ba. Da na kai ƙarshe na buɗe ido ina shirin ce wa Adiza to yaya, sai na ga ba ni take kallo ba. Saman ƙofa take kallo. Jar fitila na ci. Ashe bayanin da Samira ta yi a trotro ke nan: in tana ci, ana ɗauka.

Na juya wajen gilashi. Samira na tsaye, hannu biyu a baki, hawaye na zuba. Dokta ma na tsaye. Na ce a raina, to, waƙar dai sun ji, amma maganar farko fa? Sai wata dabara ta zo min ta kwantar min da hankali: ko ya ji, ai da Hausa na yi, shi kuwa mutumin Asante ne.

Ya sunkuya ya danna maɓalli.

"Mma, sannu da aiki. Tsumman goge ɗaki ne ke magana."

Da Hausa. Hausa tsaf, irin tamu ta Zango. Ashe a unguwar Dichemso ya girma, gidan haya ɗaya da mutanenmu.

Jama'a, na nemi ƙasa ta tsage ban samu ba, ɗakin ma kafet ne. Adiza ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Ni ko haɗiye yawu na kasa, don na san shi ma za a ji.

Suka shigo. Samira ba ta kalle ni ba. Dokta ya tsuguna a gabana kamar ɗan da na haifa, abin da ya fi min zafi a kan ya zage ni. Ya ce ɗalibar kirki ba ta kashe na'ura muddin mawaƙi na gaban makirfo, kuma Samira ta yi daidai. Ya ce waƙar da na yi ita ce abin da suka yi awa biyu suna nema. Sannan ya ce akwai magana. Ƙa'idar jarrabawa ita ce ɗalibi ya miƙa waƙar da ya gyara, tare da ɗanyen abin da ya ɗauka tun daga farko har ƙarshe, ba a yanke ko numfashi, don malamai su ga aikin hannunsa. Malamai biyar za su saurara.

"Amma ke ba ki san ana ɗauka ba, Mma. Haƙƙinki ne. In kin ce a goge, yanzu za a goge, daga hutun nan har ƙarshen waƙar. Sai dai lokacinta ya ƙare, wani ɗalibi na jira a waje."

In na ce a goge, mutuncina ya tsira, abin da na zo yi ma ya tabbata. In na ce a bari, manyan malamai biyar za su zauna su ji Hajiyar Zango tana zagin ɗan mutane, tana shirya wa jikarta faɗuwa, ana ce mata akuya. Na dubi Samira. Ba ta roƙe ni ba. Waya kawai take naɗewa a hannu, tana warwarewa, tana sake naɗewa, yadda uwarta ke yi da bakin zane in na yi mata faɗa.

Na ce, "A bari."

Dokta ya ce, "Har da tsumman?"

Na ce, "Har da shi. Ka yi haƙuri, ɗana." Ban taɓa sanin kalma uku na da nauyi haka ba.

A trotro Samira ta juya fuska wajen taga har muka sauka. Sai a ƙofar gida ta tsaya ta ce, "Kaka, ashe da waƙa kika samu Alhaji." Na ce ta wuce ciki kafin in saɓa mata. Kwana uku ba ta ci abincina ba, na huɗu ta zo ta ɗora min abin kunnen nan a kan ɗankwali, ta kunna. Na ji muryata kamar ina rumfar goro, har ƙarar ganyen. Ban ce ya yi daɗi ba. Na ce ta sake kunnawa.

Ta ci jarrabawar. Ranar bikin gamawa wata malama da ban taɓa gani ba ta zo ta riƙe hannuna tana murmushi ta ce, "Ke ce Mma mai goro?" Daga yadda take danne dariya na san ba waƙar kaɗai ta ji ba.

Abin da na koya? Shekara da shekaru ina sa wa mutane ido, ban taɓa tunanin akwai mai sa kunne ba. Har yanzu ina zama a ƙofar gida, har yanzu ɗankwali ba ya wuce ni a karkace. Amma kafin in buɗe baki a kan ɗan wani, sai na ɗaga kai na duba saman ƙofa tukuna.