Kwamared Dominic da Hanyar Rafi

Allah ya yi wa Zuru baiwa da ya ba ta Dominic. Sati biyu kacal ya yi a Kaduna wajen taron bita, ya dawo da jaka mai tambari, da salula rataye a wuya, da sabon suna: Kwamared. Matan kasuwa, da yake ba su san darajar ilimi ba, Sarkin Takarda suke ce masa.

Mutum ne mai ƙaunar talakawa ƙwarai, musamman in a rubuce suke. Ran da aka yi gayya a gonar Kefas, yana ɗaki yana tsara jawabi kan haɗin kai. Ran da aka binne mijin Indo, bai samu zuwa ba, amma ya rubuta ta'aziyya mai ratsa jiki a salularsa. Indo ce dai ba ta da wayar da za a tura wa.

Ana nan sai wani ɗan kwangila ya sayi fili ya ja shinge, ya toshe hanyar da matan unguwa ke bi zuwa rafi. Ɗiban ruwa ya koma zagayen awa guda da tulu a ka. Kwamared ya dubi kansa a madubi ya ga tarihi na kiransa. Ya buga takardu ɗari uku da Turanci, ya aro bencina daga coci, ya yi hayar lasifika, ya sa ranar Asabar.

Asabar ta zo. Bencina sun hallara gaba ɗayansu.

"Ya ku al'ummar da aka danne," in ji Kwamared, "yau na zo in kwance muku sarƙa." Wata akuya ta saurare shi har sakin layi na biyu. Can wajen azahar sai ga Indo. Ya buɗe hannuwa ya yi shelar isowar jaruma ta farko.

"Bencina na zo kwashewa," in ji ta. "Gobe akwai sujada."

Ya yanke hukunci cewa kan mutanen Zuru bai waye ba.

Ita kuwa Mama Keziah, tsohuwar ungozoma, ba ta buga komai ba. Gida gida ta bi. Ta zauna, ta sha ruwa, ta tambayi gwiwar wannan da tarin jikan waccan, in za ta tashi ta ce, "Talata da safe, ki fito da tulunki."

Ran Talata mata fiye da ɗari suka zauna a bakin shingen, kowacce da tulu ba ruwa. Ɗan kwangila ya fito da fushi, ya ga matar da ta karɓi haihuwar tagwayensa, ya rusuna ya ce, "Mama, ina kwana." Kafin rana ta yi zafi an buɗe hanya.

Daidai nan Kwamared ya iso yana haki. Ya hau kan dutse, ya ɗaga lasifika.

"Wannan nasara da na jagoranta..."

Wata mata ta taɓa Keziah. "Mama, ɗan wa ne wannan?"

"Ɗan Mika ne. Ni na yanke masa cibiya." Ta ɗauki tulunta. "Haka ya fito duniya, yana ta ihu, ba wanda ya san abin da yake so."