Rasuwar Dogo, Keken Mai Washi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafu biyu da suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, Mai Washi na sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa miƙo masa wuƙa ta bakin ƙofa, rasuwar kekensa kuma abokin neman abincinsa, wanda aka fi sani da Dogo. Marigayin ya cika ne a gefen titi, gab da gadar sama, bayan doguwar jinya da ya ɓoye wa kowa, har da mai shi.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, baƙin keke ne irin na da, mai nauyi, wanda in ya faɗo maka a ƙafa sai ka wuni kana ɗingishi. Ba wanda ya san shekarunsa, don Mai Washi ma na hannu ya saye shi, ya riga ya ga duniya. Ba keken yawo ba ne. A kan ƙarfen da ke tsakanin sirdi da kai aka ɗaura masa dutsen washi mai zagaye, aka ja masa bel zuwa ƙafar baya. In an iso wurin aiki sai a ɗage ƙafar bayan daga ƙasa, Mai Washi ya hau ya yi ta tuƙi ba ya zuwa ko'ina, dutse na juyawa, wuta na tartsatsi. Shi ne motar, shi ne shagon, shi ne injin. Albarkacinsa ne layin mahauta na babbar kasuwa, can ɗaya ƙarshen gari, bai san wani mai washi ba sai wannan. Daga wannan layin ake ɗora tukunya a gidan Mai Washi. Almakashin teloli da wuƙaƙen matan unguwa ɗan ƙari ne kawai.

Marigayin ya yi zaman duniya da haƙuri da wadatar zuci. Bai taɓa neman komai ba sai iska da ɗan baƙin mai a sarƙa. Bai taɓa tsayawa layi a gidan mai ba, bai taɓa cewa yau ba ya jin fita ba. Ya san hanyoyin da bas bai taɓa jin labarinsu ba: lungun bayan makaranta, da katakon da aka gicciya a kan kwata, da ɓarakar katangar nan da ke rage rabin tafiya. Motoci su yi cirko-cirko a cunkoso, direbobi na ta zage-zage, shi kuwa ya ratsa tsakaninsu a natse ya wuce abinsa. Kafin a shimfiɗa nama a tebur ya iso.

Ba mai yawan magana ba ne. In ya shigo unguwa sai ya ce kirin-kirin sau biyu, ya yi shiru ya jira. Fedar hagu tana da wani ƙiiƙ da ya ƙi jin magani tun zuwansa gidan, wanda matar Mai Washi ke ji tun daga kan kwana ta ɗora ruwan wanka. A gangara kuma, in aka daina tuƙi, yana wani tsik-tsik-tsik a hankali, irin na wanda ransa ya yi fari. Gaskiya dai sai a faɗe ta ko a kan mamaci: in ruwan sama ya taɓa shi birkinsa ba ya jin roƙo, kuma sirdinsa ya ci wanduna da ba su ƙidayuwa. Iyali sun yafe masa duka.

Game da ciwon ajali, abin takaicin shi ne da hannun mai shi aka kawo shi. Dutsen washi ba ya aiki a bushe, sai ya ƙona bakin wuƙa. Saboda haka Mai Washi ya rataye gwangwani mai ƙaramin huji a saman dutsen, ruwa na ɗiga kaɗan-kaɗan. Ashe ba duka ruwan ke sauka ƙasa ba. Wani na bin ramin kusar da ta riƙe dutsen, ya gangara cikin ƙarfen ya kwanta. Kullum yamma Mai Washi na goge Dogo da tsumma, duk shekara ya shafa masa fenti, mutane na yaba ƙyallinsa, alhali tsatsa na cin sa ta ciki.

Garin ma bai taimaka ba. Tun da aka faɗaɗa babban titi aka manta da cewa akwai masu ƙafa biyu. Aka ba motoci tsakiya, masu tebur suka kama gefe, keke ya koma neman alfarma a ɗan siririn bakin kwalta. Ranar da abin ya faru, wani bas ya hango fasinja ya karkato ba ko sigina. Mai Washi ya kauce, ƙafar gaba ta faɗa ramin kwatar da aka sace murfinta. Marigayin ya sha faɗawa ramukan da suka fi wannan ya tashi ya kaɗe jiki. Wannan karon sai ya ce ƙas, sau ɗaya, ba da ƙarfi ba, ya durƙusa. Ƙarfen tsakiya ya rabu biyu, jan gari na zubowa daga ciki.

An garzaya da shi wurin mai walda a kafaɗa. Bawan Allah ya yi iya ƙoƙarinsa, amma duk inda ya ɗora wuta sai wurin ya huje. Daga ƙarshe ya ɗage gilashin fuskarsa ya ce babu sauran ƙarfen da walda za ta kama, kuma kekunan yanzu, ko da an samu halin saye, gwangwani ne, ba za su ɗauki dutse ba. Ya ƙi karɓar ko kwabo, abin da ya tabbatar wa Mai Washi cewa lallai an yi rashi.

Marigayin ya rasu ya bar famfon iska ɗaya, da tayoyi biyu masu faci a kan faci, da dutsen washi da ke zaune yanzu a bayan ƙofa ba mai juya shi. Ya bar matar gida da ke ɗora ruwan wanka bisa kirdado. Ya kuma bar mai shi, wanda aka ga ya dace a faɗi halin da yake ciki, don masu tambaya su huta.

Washegarin rasuwar, Mai Washi ya ɗauki ƙaramin dutsen hannu ya nufi tashar bas, karo na farko a shekaru masu yawa. Ya tsaya, bas ya zo a cike ya wuce. Wani bas ɗin ya zo, matasa suka ture dattijon da kafaɗa suka shige. Da ya samu shiga, a tsakiyar gari aka sauke shi ya sake wani bas ɗin. Ya isa kasuwa rana ta take, kuma da dutsen hannu, lokacin da a da yake gama tebur guda bai ishe shi wuƙa ɗaya ba. Babban mahaucin layin, wanda tun yana koyon fawa Mai Washi ke yi masa aiki, ya ji tausayi. Da aka tashi kasuwa ya tattara wuƙaƙensa kaf, har da adda, ya naɗe a buhu ya ce a je gida a wasa su a natse, a dawo da su da sassafe kafin nama ya iso.

Mai Washi ya wasa su yadda bai taɓa wasa wuƙa ba, kuma wannan ne ya cuce shi. A kariyar ɗaure kaya ta bayan Dogo buhun wuƙaƙe bai taɓa damun kowa ba. A cikin bas kuwa, da aka matse aka taka birki, tsinin ɗaya ya huda buhun ya farke jakar wata mata. Ta duba ta ga abin da dattijon ke rungume da shi, ta kwarma ihu. Ya yi bayani, ba wanda ya saurara. Kwandasta ya sauke shi a inda babu tasha, kuma duk bas ɗin da ya tsayar, da an ga addar da ta leƙo sai a ja mota. Sauran tafiyar a ƙasa ya yi ta, yana ratsa motocin da aka ajiye a kan hanyar masu tafiya, yana hawa matakalar gada yana hutawa.

Da ya iso, kowa a layin ya sayar da rabin namansa, sai teburin mai wuƙaƙen da naman ke kwance ba a taɓa ba, ƙuda na kai ziyara. Babban mahaucin bai yi faɗa ba, kuma Mai Washi ya ce da ya zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya karɓi buhun, ya gwada wuƙa ɗaya a gashin hannunsa, ya gyaɗa kai.

"Aikinka babu na biyunsa, Baba," ya ce. "Amma ka je ka huta haka nan."

Tun daga ranar, wani mai washi da injin lantarki da ke bakin ƙofar kasuwa ke yi wa layin aiki.

Za a yi jana'izar marigayin gobe da hantsi, a filin mai sayen tsofaffin ƙarafa da ke bayan tashar bas. A baro za a kai gawar, don an tuntuɓi masu bas sun ce ba sa ɗaukar irin wannan kaya. Masu rakiya su sa takalmi mai kyau, tafiyar ƙasa ce. Masu ta'aziyya kuma za su sami Mai Washi a gida safe da rana da yamma, ba sai sun aiko a tambaya ba.

Ana roƙon waɗanda ba su da ƙarfin zuciya su tsaya daga bakin fili, domin sai an sassare marigayin kafin a ɗora shi a sikeli. Mai ƙarafan ya aiko cewa gatarinsa ya dakushe, ko akwai wanda zai gyara masa. Mai Washi ya karɓa. Yana zaune a tsakar gida yanzu haka yana wasa shi da dutsen hannu, shi ne aikin da ya samu a wannan makon.