Ranar da Harbi-Sama Ya Buga Ƙasa

Ko na tsufa har na riƙa neman hulata tana bisa kaina, ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a bayan garin Paris ba. A ranar ce ƙafata ta dama ta yi mini biyayya karo na farko a rayuwa, kuma ta zaɓi lokacin da bai kamata ba.

Amma bari in fara daga Maradi, don a can aka raɗa mini sunan. Tun muna yara muna buga ƙwallo a filin bayan makaranta, ban taɓa iya aika ta inda na nufa ba. Ina da gudu, ina da ƙarfi, amma da na iso gaban gola na ɗaga ƙafa, sai ƙwallon ta tashi sama kamar an kira ta. Ta wuce sanda, ta wuce katanga, ta faɗa gidan mutane, wata rana ma cikin turmin wata tsohuwa mai faɗa. Abokina Lawali, wanda bakinsa bai san hutu ba, shi ya sa mini suna Harbi-Sama. Sunan ya bi ni har jami'a a Yamai. (Kakata, Allah ya jiƙanta, da shi take kirana har ta rasu, ta ɗauka kirari ne.) Da na samu gurbin karatu a Lyon, cikin abubuwan da na yi murnar bari a gida har da wannan suna.

A Vénissieux na sauka, a gefen Lyon, a wani ɗaki can ƙololuwar dogayen benayen Minguettes. Da safe in na leƙa taga sai in ga hazo ya rufe gari ruf, kawunan benaye kaɗai ke fitowa, ni kuma in tsaya da kofin shayi ina mafarki ido biyu har jirgin tram ya wuce ni. Ni mutum ne mai yawan mafarki, wannan ban ɓoye wa kowa ba. Ina iya cin kofin duniya tsakanin tashoshi biyu na jirgin metro.

Wata Lahadi da yamma, kewar gida ta dame ni, na fita yawo ba tare da na san inda zan je ba. Na biyo ta gefen wani fili mai ciyawa shar, irin mai dogayen sanduna biyu da suka miƙe sama kamar na 'yan rugby, amma da raga a ƙasa. Wasu Turawa na ta guje-guje a ciki. Sai ga ƙwallonsu ta gangaro har gabana. Na ce bari in yi kirki in mayar musu. Na auna wanda ya fi kusa da ni, na buga a hankali.

Kun dai san abin da ya faru. Ta tashi, ta wuce shi, ta wuce kowa, ta yi ta tafiya cikin hasken yamma, ta bi ta tsakiyar dogayen sandunan nan can sama da raga. Na ɗaga hannu na fara "pardon, pardon", ina neman hanyar sulalewa. Sai na ji tafi. Wani mai jan gemu ya taho da gudu, ya miƙo mini wata ƙwallon, ya ce da Faransancinsa mai karkata, "Sake yi." Na sake, ina iya ƙoƙarina in sa ta ƙasa. Ta sake bin hanyar 'yar'uwarta. Mutumin ya dafa kafaɗuna biyu yana kallona kamar ya tsinci ɗan'uwansa da ya ɓata.

Sunansa Shon, ɗan ƙasar Irlande, yana koyar da Turanci a Lyon. Shi ya bayyana mini cewa wannan ba ƙwallon da na sani ba ce, ta ƙasarsu ce, Gaelic suke kiranta. Ana ɗaukarta da hannu, a yi gudu da ita, a naushe ta zuwa ga aboki. In ta shiga raga maki uku ne, sai a ɗaga koriyar tuta. In kuwa ta bi ta sama, tsakanin sandunan, maki ɗaya ne, a ɗaga farar tuta. Na sa shi ya maimaita wannan na ƙarshen. Wato a duniyar nan akwai wata ƙasa, can tsakiyar teku, inda ake tafa wa mutum don ya buga sama, ni kuwa ina Maradi ana ta zagina a banza.

Na shiga ƙungiyar. Rabinmu 'yan Irlande ne, sauran Faransawa, sai ni. Shon ne mai horar da mu kuma kyaftin, kullum cikin rigar gundumarsu, wata ƙaramar gunduma da ya ce tun yana yaro ba ta taɓa cin komai ba. Duk Lahadi yakan toshe kunne yana sauraren wasansu ta intanet, fuskarsa kamar mai ciwon haƙori, amma mako mai zuwa ya sake komawa.

Shekarar nan ta wuce mini kamar barcin rana mai daɗi. Mukan cushe cikin motoci da asuba mu nufi garuruwan da ban taɓa jin sunansu ba, ruwa na zuba, ciyawa na ƙamshi, ni kuma a kujerar baya ina kallon gonakin inabi suna wucewa. A gasar lig ba mu taɓuka abin kirki ba. Mun ci wasu, an lallasa mu a wasu, musamman a hannun mutanen yankin Bretagne, waɗanda ban san abin da suke ci ba. A tsakiyar tebur muka ƙare. Amma a gasar kofi sai abu ya yi ta tafiya, muka fitar da wannan, muka fitar da wancan, har muka wayi gari muna wasan ƙarshe. Ni kuwa ba na komai sai abin da na saba tun ina yaro. A ba ni ƙwallo, in nufi raga da zuciya ɗaya, ta tafi sama, farar tuta ta tashi, a rungume ni. Ban taɓa gaya wa Shon cewa raga nake nufa ba. Koriyar tuta kam ban taɓa ganin an ɗaga mini ita ba, sai a mafarki.

To, a nan ne bakina ya ja mini. Lawali ya rigaye ni zuwa Faransa, yana aiki a shagon wayoyin wani dattijon garinmu, Alhaji Isuhu, a unguwar Barbès ta Paris. Wata rana muna waya na ce masa, kamar ba komai ba, "Kai, ka san ni na hi kowa ci a ekip ɗinmu bana?"

Ya ce, "Wace ekip? Ta makahi?"

"Ekip ɗin balo mana, ƙungiyar ƙwallo. Har mun kai final, a Paris za a yi."

"Kai ɗin? Harbi-Sama?"

"Wannan suna ya mutu, mon frère. Ka zo ka gani da idonka."

Ban yi ƙarya ba, Allah shaida. Na dai bar wasu bayanai a aljihu. (Na gaya wa kaina zan yi masa bayanin dokokin kafin ranar. Kullum in na ɗauki waya sai in ji daɗin yadda yake mini magana da ladabi yanzu, in ce bari gobe.) Kafin mako ya zagayo labari ya kai Maradi. Mahaifiyata ta kira tana tambaya ko za a nuna ni a talabijin.

A jirgin ƙasa zuwa Paris, Shon ya zauna kusa da ni ya ce aikinsa ya ƙare, ƙarshen wata zai koma gida. Ya ce shi bai taɓa ɗaga kofi ba, ko na makarantar firamare, kuma yana so ya shiga gidan mahaifinsa da hoto guda ɗaya. "Kai dai ka yi abin da ka saba," in ji shi. "Sama, kullum sama." Na ce ya kwantar da hankalinsa, wannan ko ina barci.

An fara wasa mutanena ba su iso ba, na ji sanyi a raina. Na ce wataƙila sun ɓata a hanya, Allah ya rufa mini asiri. Na sa farar tuta ta tashi har sau da yawa, abokan karawarmu 'yan Paris su ma suna mayarwa, muna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Sai bayan hutun rabin lokaci, na juya bakin fili na hango babbar riga shuɗiya tana kaɗawa cikin iska. Alhaji Isuhu ne da kansa, ya rufe shago ranar Asabar, ranar ciniki. Ga Lawali, ga wasu samarin Barbès, ga kular dambu da suka ɗauko, har da tutar Nijar.

Muryar Alhaji na fara ji. "Lawali, alƙalin wasan ga makaho ne? Kowa na kama balo da hannu, bai hura ba!"

Na yi kamar ban ji ba. Ƙwallo ta zo mini, na juya, na buga. Ta tashi kyakkyawa, ta raba sandunan biyu daidai. Farar tuta. 'Yan ƙungiyarmu suka yi ihu suka taho suna dukan bayana. Daga bakin fili kuwa sai na ji "Kaaash!" na mutane da yawa a tare, sannan muryar da na sani tun ina ɗan shekara bakwai, ta ratsa filin gaba ɗaya:

"Harbi-Samaaa! Har a Faransa?"

Alhaji ya ƙara da cewa, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Amma Turawan ga suna da haƙuri. Dubi yadda suke lallashinsa."

Wallahi sai na ji na koma filin bayan makaranta, da gajeren wando, tsohuwa na zagina ta kan katanga. Duk tafin shekarar nan da fararen tutocinta suka narke. 

Lokaci ya kusa cika, makinmu daidai da nasu, kunnen doki. Shon ya ƙwato ƙwallo a tsakiya, jini na zuba a gwiwarsa, ya naushe ta zuwa gare ni. Na cafe. Ba kowa kusa da ni, sanduna na gabana a buɗe, kusa ƙwarai. Maki ɗaya kawai ake nema, kofi ya zama namu. Ko yaron goye ya san abin yi. Ina jin Shon a bayana yana ihu, "Sama! Sama!" Ina jin Lawali a gefe yana ihu, "Ƙasa, ɗan'uwa! Don Allah sau ɗaya dai, ƙasa!"

Sai komai ya lafa, kamar na nutse cikin ruwa. Na ga koriyar tuta tana tashi a hankali. Na ga Alhaji yana yafa mini babbar rigarsa. Na ga an kira Maradi ana cewa sunan nan a binne shi. Na ma ga tsohuwar mai turmi tana neman gafarata. Na sunkuyar da kai, na danne ƙafata da duk ƙarfin zuciyata, na buga.

Ta tafi ƙasa. Shekara ashirin da wani abu ina roƙonta, sai ranar ta amsa. Ta gangara kan ciyawa a natse, ba gaggawa, ta isa hannun golansu kamar saƙon da aka aiko masa. Ya ɗauka, ya dube ni da mamaki, ya narka ta gaba. Ɗan wasansu ya cafe a tsakiyar fili, ya yi taku kaɗan, ya ɗaga ta can sama tsakanin sandunanmu. Aka hura tashi.

Mutanena suka ɓarke da murna, sun ɗauka ɗan Paris ɗin ya yi asarar dama. "Ya ɓarar! Alhamdu lillahi, ya ɓarar!" Suka shigo fili da tuta. Lawali ya rungume ni yana cewa, "Ta ƙarshen nan kam ka buga ta daidai. Ita kaɗai ce mai kyau duk yau. Ka ci gaba haka, za ka gyaru." Alhaji ya je ya kama hannun Shon, wanda ke zaune a ciyawa ya rufe fuska da rigar gundumarsu, yana ce masa canjaras ba faɗuwa ba ce, ya gode wa Allah, ya zo ya ci dambu.

Sai da suka ga ana miƙa wa 'yan Paris kofi murna ta koma ciki. Alhaji ya juyo. "Yaro, mi ke faruwa nan?"

A nan, tsakiyar fili, gaban Turawa da 'yan garinmu, na yi bayanin da ya kamata in yi tun a waya. Farar tuta, koriyar tuta, maki ɗaya, maki uku.  Lawali ya saurara har ƙarshe, abin da bai taɓa yi ba, sannan ya ce a hankali, ba ko dariya:

"Tsaya in gane. Akwai wasan da aka yi shi musamman don ƙahwarka. Ka bar Maradi, ka haye teku, ka same shi. Kuma yau da aka ce ka buga sama, ka ƙi?"

 

A hanyar komawa Lyon ba wanda ya zage ni, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Shon na kallon taga har muka wuce rabin hanya. Can ya juyo ya ce, "Shekara guda ina tare da kai, ban taɓa ganin ka buga ƙasa ba. Wa ya koya maka?" Na ce wani abokina ne. Ya gyaɗa kai. "Ka rabu da shi." Sai ya yi 'yar dariya, ni kuma na ji hawaye sun cika mini ido, don na san hoton da zai kai wa mahaifinsa, na mutane ne tsaye hannu wofi da kular dambu a gabansu. (Ya aiko mini da shi daga baya. Alhaji ne kaɗai ke murmushi a ciki.)

Abin da na koya bai da yawa. In Allah ya ba ka karkatacciyar ƙafa, sannan ya yi maka alheri ya kai ka filin da aka karkata daidai da ita, to kada ka saurari bakin fili, musamman in 'yan garinku ne a wurin. Sunan kuwa bai mutu ba. Yanzu ni da kaina nake ba da shi in an tambaye ni. Sai dai Lawali ya daina kirana da shi. Ya ce ban cancanta ba.