Ranar da Na Tausaya wa Riɗi

Mijina wakilin gona ne a garin Simsim. Ya ba ni wayarsa in yi masa zanen da'ira na amfanin bana, dawa da riɗi, zai nuna wa mai gonar. Na ce, "Halas, bar mini."

Manhajar wayar ta zana, sai na ga rabon riɗi ɗan siriri, abin tausayi. Ni da nake raba kisra, wainarmu ta dawa, daidai kada yaro ya yi kuka? Na ja layin har suka daidaita, na ƙara furanni, ina ta rawar kai.

Mai gonar ya duba, ya ga riɗi ya kai dawa yawa a zanen, ya ce wa mijina, "Ya zol, bawan Allah, ina sauran riɗina?"

Sai da aka sake ƙirga buhuna. Har yau in na ɗauko faranti, mijina kan ce, "Maman Amna, a tausaya wa riɗi."